Gwajin tarin fuka a Kaduna: abin da na gani ranar da na kai mahaifina

Mahaifina ya yi kusan wata biyu yana tari kafin wani ya ambaci tarin fuka. Da yake lokacin hunturu ne, sai muka ɗora wa ƙura laifi, mai kyamis ɗin unguwarmu kuma ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, daga baya na taifot, alhali ramar da yake yi da gumin da ke jiƙa masa riga cikin dare sun isa su sa a yi zargin wani abu dabam. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce duk tarin da ya kai mako biyu a gwada shi.

A sashen tarin fuka na wani asibitin gwamnati da ke cikin gari ba a karɓi ko sisin kwabo a hannunmu ba, kuma ma'aikaciyar da ta tarbe mu ta cancanci yabo. Ta miƙa masa 'yar roba mai murfi, ta ce, "Baba, ba yawu ake so ba, kakin da ke can cikin ƙirji za ku fitar." Ashe nan gizo ke saƙa. Dattijon ya koma bayan ginin inda iska ke kaɗawa, ya yi ta kakari har idanunsa suka kawo ruwa, amma yawu kaɗai ya samu, dole muka dawo washegari da kakin asuba.

Na'urar da ake gwada kakin da ita, wato GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana fitar da sakamako cikin kimanin sa'o'i biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Mu kuwa kwana huɗu muka jira. Na'urar tana buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki da ɗaki mai sanyi, ga kuma kakin da ƙananan asibitoci ke aikowa yana bin layi, wannan uzuri ne da na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a rubuta lambar wayata amma babu wanda ya kira, sai da na biya kuɗin adaidaita daga Rigasa sau biyu a banza.

Sakamakon ya nuna yana ɗauke da cutar, aka ɗora shi a kan maganin wata shida kyauta, aka kuma buƙaci mu kawo duk masu kwana kusa da shi. Jikarsa 'yar shekara uku ba ta iya fitar da kaki ba, saboda haka bayan gidanta aka gwada.