PSU Biyu ko Babba Guda Ɗaya: Wanne Ya Fi wa Mai RX 580?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zaure: yana da kwamfutar Dell OptiPlex 7020 mai tsayi, na'urar wutarta, wato PSU, wat 290 ce kuma ba ta da wayar katin girafik. Ya sayi katin girafik RX 580. Shin ya ɗauko wata tsohuwar PSU ta ci da katin ita kaɗai, ko ya sauya ta ciki gaba ɗaya?

Malam, fara da lissafi. RX 580 yana jan kusan wat 185. Ramin PCIe na madabod, inda ake cusa katin, ba ya ba da fiye da 75, sauran ta fulogi mai fil 8 yake shigowa, wanda ke ɗaukar har 150. AMD, kamfanin da ya fitar da katin, wat 500 ya ce a tanadar wa injin duka.

Hanya ta farko, sauyawa. Ka nemi PSU mai wat 550 ta kamfanin da aka sani, da adafta daga fil 24 zuwa fil 8 wadda aka yi musamman don 7020, domin fulogin Dell ba irin na kowa ba ne. Ka ɗaura, ka rufe akwati, shi ke nan. Kunnawa ɗaya, kashewa ɗaya. Illarta kuɗi ne kawai.

Hanya ta biyu, wato ƙara wata PSU don katin kaɗai, tana aiki, amma da sharuɗɗa, kuma a nan ake ƙona kaya.

PSU ba ta tashi sai an haɗa koriyar waya, fil na 16 a babban fulogi mai fil 24, da baƙar waya ta kusa da ita. Masu gyara kan lanƙwasa ƙaramin ƙarfe su cusa. Don gwaji ya yi, don amfanin kullum bai yi ba: in ka manta ka kunna ta biyun, kati ba zai nuna hoto ba, in kuma ƙarfen ya zame ana tsakiyar aiki, allo ya yi baƙi nan take. Abin da ya dace shi ne ɗan allon Add2PSU. Ka sa masa fulogin fil 24 na PSU ta biyu, ka ba shi wayar wuta ta SATA ko Molex daga injin. Da wuta ta shigo layin, rilen cikinsa zai yi "ƙyas" ya tashe ta, su mutu tare kuma.

Kada layin bolt 12 na PSU biyun ya taɓa haɗuwa a waya ɗaya. Ɗaya na iya ba da 12.2, ɗaya 11.9, sai mai ƙarfin ta riƙa tura wa ɗayar wuta. Saboda haka in katin fulogi biyu gare shi, duka daga PSU guda za su fito. PSU biyun kuma su sha daga soket ɗaya, jikinsu na taɓa ƙarfen akwati. Gidajenmu da yawa ba wayar ƙasa, in ka raba su kana iya jin wuta na cizonka a jikin kwamfutar.

Abubuwa uku ke yawan kashe kati. Fulogin furosesa mai fil 8 ya yi kama da na PCIe, amma jerin wayoyinsu ya bambanta. In bai shiga salin-alin ba, kada ka danna. Wayoyin PSU masu cirewa ba a aron su daga wata na'ura, ko bakin ya dace. Sai adaftar SATA zuwa fil 8: bakin SATA wat 54 yake ɗauka a bolt 12, ka ɗora masa 110 ka ga roba na narkewa, tana warin ƙuna.

Akwai kuma matsalar tsofaffin PSU masu arha. In layin bolt 5 ba ya ɗauke da kaya, na 12 kan sauka ƙasa da ƙima idan kati ya fara ja. Sa mita a kan rawayar waya da baƙa ana cikin wasa: in ya faɗi ƙasa da 11.4, cire ta.

A ganina, in aljihu zai ɗauka, sauya. Hanya ta biyu ta wanda yake da PSU mai kyau a ajiye ce, mai fulogin PCIe nata na asali. Kafin komai dai, auna tsawon katin da awon tela, don akwatin 7020 matsattse ne wajen ma'ajin hard disk.