Wata takwas da Kindle Paperwhite da littattafan soyayyar masu tseren mota

Yayana da ke aiki a Ingila ne ya kawo min Kindle Paperwhite, na'urar karanta littattafai, tsaraba da ƙaramar sallah. Ya miƙo min ya ce, "Ungo, ki hutar da idonki daga wayar nan." Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Ya san halina. Tun da na kalli shirin nan na Netflix a kan gasar Formula 1, wanda aka fara a 2019, na faɗa karatun littattafan soyayya na Turanci da aka gina a kan direbobin tsere, kuma duk a waya nake karanta su, har idona ya fara yaji da ruwa idan dare ya yi.

Nawa mai fuska inci 6.8 ne, ba nauyi, yana shiga jakar hannu. Rubutun kamar tawada a kan takarda, ko a tsakar gida da rana tsaka ba ya ƙyalli. Da dare ina rage hasken in mayar da shi ruwan ɗorawa, ƙanwata na barci a gefena ba ta ma sani ba. Amma abin da ya fi burge ni caji ne. Taransifomar unguwarmu ta lalace kwana tara, wayoyi duk suka mutu, ana ta kai su wurin masu caji a bakin titi, ni kuwa na gama littafi uku bai nemi wuta ba. Cajar wayata ma tana yi masa.

A ɗaya daga cikin waɗannan dararen na kai babin da ake tsere a Monako, inda ake zagaye 78 a cikin titunan gari masu ƙunci, ƙarfen kariya dab da taya. Budurwar tana tsaye a garejin ƙungiyar da abin sauraro a kunne, aka ɗaga jan tuta, alamar an dakatar da tsere saboda haɗari, kuma muryar saurayin ta ɗauke. Sai da na ajiye na'urar a ƙirjina na yi salati, domin na taɓa ganin hoton motar direban tsere Romain Grosjean a Bahrain a 2020, ta rabe biyu tana ci da wuta, ya fito daga ciki da ƙuna a hannuwa. Littafin da ya san wannan tsoron shi nake girmamawa. Macen da ke son mutumin da ke gudun sama da kilomita 300 a awa duk ranar Lahadin tsere, ba furanni da agogon zinariya ne damuwarta ba.

Ƙamus ɗin da ke ciki ya taimake ni sosai. Kalma ta shige min duhu, in danna ta in riƙe, ma'anar ta fito. A hankali na gane yadda wanda ya fi kowa sauri ranar Asabar ke tashi a sahun gaba ranar Lahadi, da yadda mutum kusan ashirin ke canza taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya, da dalilin da ya sa abokin ƙungiyarka shi ne babban abokin hamayyarka, tunda mota iri ɗaya aka ba ku.

Littattafan kansu ba duka ne suka yi min ba. Da yawa sai a mayar da macen mai kula da 'yan jarida ko 'yar mai ƙungiya, namiji ne kullum a bayan sitiyari. Wannan yana ci min rai, ko da yake na san daga gaskiya aka ɗauko shi: Lella Lombardi ce kaɗai macen da ta taɓa samun maki a gasar, rabin maki a Sifaniya a 1975. Yanzu da aka fara gasar mata ta F1 Academy a 2023, ina jiran marubuciyar da za ta sa yarinyar a cikin motar, saurayin ya tsaya a gareji zuciyarsa na bugawa. Sannan wasu akwai batsa a fili. Kafin ki saya, ki saukar da samfurin farkon littafin da ake bayarwa kyauta, ki duba abin da masu karatu suka ce. Kada ki miƙa wa ƙannenki na'urar ba ki duba abin da ke ciki ba.

Fuskar baƙi da fari ce, don haka jar motar Ferrari a bangon littafi toka-toka za ki gan ta. Ni bai dame ni ba. Wahalar da na sha a wurin biya ce, katin bankina ya ƙi wucewa har sau uku, sai Yaya ne ke sayen littattafan daga can. Na Hausa kuwa, waɗanda na saya a hannun marubutansu, ina tura su ciki ta imel su zauna tare da sauran. Na dai sa masa riga mai murfi tun ranar farko, saboda ƙurar hunturu da hannun yara.