Sulallan Azurfar Fartiya: Wanne Ya Kamata Ka Fara Saya?

Daular Fartiya, wadda ta kai ga mulkin Iran da Iraƙi na yau, ta wanzu tun wajen shekara ta 247 kafin Miladiyya har zuwa 224 Miladiyya, lokacin da Ardashir na Ɗaya ya karya Artabanus na ƙarshe. Kusan shekara 470 ke nan ana buga sulalla, amma matsalar mai saye ɗaya ce: sarakunan duk suna amsa sunan sarauta guda, Arsakes, kuma yawanci shi suke rubutawa a kuɗinsu. Sunan da dillali ya liƙa wa sule ra'ayin masana ne, kuma yana sauyawa. Saboda haka kada ka sayi sule da sunan sarki kawai. Nemi lambarsa a kundin David Sellwood, bugun 1980. Misali, nau'in Sellwood 78 wasu na sayar da shi da sunan Bologases na Uku, wasu da sunan Fakorus, alhali sule ɗaya ne. In ba ka lura ba sai ka biya sau biyu.

Zaɓi na farko tsakanin dirakma ne, ƙaramin sulen azurfa, da tetradirakma, wato mai darajar dirakma huɗu. Dirakma tana da nauyin giram 3.5 zuwa 4.2, faɗinta milimita 18 zuwa 22, yawanci daga Ekbatana, Hamadan ta yau. A gaba fuskar sarki tana kallon hagu, a baya maharbi zaune riƙe da baka. Azurfarta ba ta lalace sosai ba har ƙarshen daular. Tetradirakma kuwa akasari a birnin Salukiya na bakin kogin Dijla aka buga ta. Na farko sun kai wajen giram 16 na azurfa mai kyau, na baya sun sha gauraye da jan ƙarfe, suka dusashe, fuskarsu ta yi kaushi. Amfaninsu shi ne kwanan wata: suna ɗauke da shekara bisa lissafin Salukiyawa da ya fara a 312 kafin Miladiyya, wasu har da wata. Da haruffan Girkanci ake rubuta lambar: in ka ga ΒΞΤ, 362 ke nan, ka cire 312, ka samu 50 zuwa 51 Miladiyya. Sai dai hatimin da ake buga sulen da shi yakan fi ƙarfen faɗi, don haka sau da yawa watan ko shekarar sun faɗa waje. Tetradirakmar da ba a karanta shekararta ta rasa abin da ya sa ake sayenta, bai kamata a biya ta farashin cikakkiya ba.

Ga mai farawa, dirakmar Mitridates na Biyu ta fi. Ya hau mulki wajen 124 kafin Miladiyya, ya daɗe, ya buga da yawa, don haka farashin bai yi tsanani ba. Aikin kuma na gwani ne: dogon hanci, gemu mai tsini, rubutun Girkanci da ake karantawa harafi-harafi. A zamaninsa maharbin ya bar ɗan dutsen da yake zama a kai ya koma karaga, aka ƙara laƙabin "sarkin sarakuna", daga baya sarki ya fito da doguwar hula mai ado.

Mai son tarihin yaƙi ya duba Orodes na Biyu, wanda rundunarsa ta hallaka ta Kirasus na Rum a Karrai a 53 kafin Miladiyya. Sulallansa suna da yawa, da tauraro da jinjirin wata kusa da kai, wasu da ɗan ƙullutu a goshin sarki. Ƙullutun ba lahani ba ne, da gangan aka sassaƙa shi. A na ɗansa Firates na Huɗu za ka ga gaggafa a bayan kai tana miƙa masa kambi. Na sarauniya Musa, baiwar da Agustus sarkin Rum ya aiko wa Firates, wadda ta yi mulki da ɗanta daga 2 kafin Miladiyya zuwa 4 Miladiyya, suna da tsada ƙwarai, kuma masu jabu sun san haka. Ba nan ake koyon saye ba.

Mafi araha su ne na ƙarshen daular, irin na Bologases na Shida. Girkancin ya koma layuka da ɗigo marasa ma'ana, maharbin ya zama 'yan zane-zane, sunan sarki ya fito da haruffan Aramiya. Sabon shiga yakan ɗauka jabu ne, alhali haka aka buga su. Tunda suna da yawa, kada ka karɓi wanda ya goge.

Kafin biya, auna a sikeli mai nuna 0.01 na giram. Dirakmar da ta gaza giram 3 tana bukatar bayani: ko an yanke gefenta, ko jan ƙarfe ne aka lulluɓe da azurfa, ko ƙasa ta cinye ta. Duba gefen da gilashi mai ƙara girma sau 10. Layin haɗi ko alamar goga a gefe, ƙananan ramuka masu zagaye a fuska, da haruffa masu laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, duk alamun zubi ne, su kuwa na asali da guduma aka buga su. Maganaɗisu bai isa gwaji ba, domin dalma da jan ƙarfe ma ba sa kama shi. Akwai kuma azurfar da ta tsufa ta yi gautsi, fuskarta kamar an barbaɗa yashi. In ta faɗi ƙasa sai ta dare. Kada a ƙwanƙwasa ta don jin ƙararta, kada a sa mata asid ko man goge ƙarfe.

Nemi takardar da ke nuna tsohon gwanjo ko tarin da sulen ya fito. Iran da Iraƙi sun haramta fitar da kayan tarihi, kuma kwastan na iya ƙwace abin da ba shi da asali. Dillalin da ya ƙi ba da hoton gefe, nauyi, da rubutaccen alkawarin mayar da kuɗi in sule ya zama jabu, a bar masa kayansa.