Zagayen badala ko zagayen gonakin Kura: amsa ga mai tambayar tattakin Asabar

Ɗan'uwa, ka ce likita ya umarce ka da ka riƙa tafiyar ƙafa, kana neman zagayen awa biyu zuwa uku wanda zai dawo da kai inda ka ajiye mota, kuma ka rasa tsakanin zagaya cikin gari da fita karkara. Na yi duka biyun, ga yadda na same su.

Na cikin gari shi ne bin badala, wato ganuwar birnin Kano. Ka tashi daga Ƙofar Nassarawa bayan sallar asuba, ka bi titin BUK (Jami'ar Bayero) ta Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga. Daga nan ka kutsa ta Goron Dutse, ka hau Dala, ka gangaro ta Kurmi ka fito Ƙofar Mata. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba inda za ka yi haki sai a matakalar Dala. Ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 tana gefenka, ko in ce abin da ya rage nata, don a wurare da yawa gini da shara sun cinye ta. Amfaninsa a fili yake: ba kuɗin mai, ruwan leda a kowane lungu, in gwiwa ta ƙi ka tsayar da adaidaita ka koma. Aibinsa kuma lokaci ne. Da zarar bakwai da rabi ta yi, hayaƙi da hon sun kwace titin, kwalta ta fara dukan tafin ƙafa, rabin hankalinka yana kan mai babur da ke tahowa ta bayanka.

Na karkara kuwa sai ka ɗauki hanyar Zariya zuwa Kura, wajen kilomita 30. Yankin Kura da Garun Malam da Bunkure ruwan dam ɗin Tiga ne ke shayar da shi, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Wannan ne ya sa wurin ya dace da zagaye: magudanan ruwan noman rani sun tsaga gonakin, kowace da hanyar ƙafa a gefenta. Ka bi babbar magudana ka miƙe, ka karya ta wata ƙarama, ka dawo ta burtali. Ruwan kansa shi ke nuna maka hanya, da wuya ka ɓace.

A nan ƙafa take hutawa ko da tana aiki. Ƙasa tana da taushi, amma ba a daidaice take ba; hawa kunya, tsallake rami, ratsa yashi, shi ya sa awa biyu a can ta fi awa biyu a kwalta gajiyar da cinya. A watan Janairu za ka tarar da alkama kore shar, tumatir jere a kwanduna ana jiran mota, balbela na bin bayan shanu. Inuwa ma akwai dabararta: gawo da rani yake fitar da ganye, da damina ya kakkaɓe, don haka a hunturu shi ne wurin zamanka. Ranar da na fara zuwa da wandon yadi mai gashi-gashi na je, na ratsa wata saura, ƙarangiya ta yi mini ado tun daga idon sawu har gwiwa. Wani dattijo da ke ban ruwa ya dube ni ya ce, “Ɗan birni, ai ba a shigo mata da wannan.” Rabin awa na yi a gindin tsamiya ina cira.

Sai dai karkara tana son shiri. Ka tafi da ruwanka, aƙalla lita biyu, kada ka sha na magudana, kada ma ka shiga ciki wanke ƙafa, saboda tsargiya. Kambas mai kauri, hula, kuma kada ka je kai kaɗai karon farko. Gona ta mutane ce: ka yi sallama, ka ce sannu da aiki, ka bi gefe, kada ka taka shuka don neman yanke. In ka ga rugar Fulani ka ba ta tazara saboda karnuka. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, taɓo zai hana ka sakat, a Afrilu kuma rana ba ta da wasa tun ƙarfe tara.

Tunda Asabar ka ce, kuma muna cikin sanyi, ni Kura zan tura ka. Badala ka bar ta wa Talata da Alhamis kafin ofis, ka yanke ta daga Nassarawa zuwa Kabuga kawai. In ka shirya wannan Asabar ɗin ka yi mini magana, ƙarfe shida muke haɗuwa a Na'ibawa, akwai wurin mutum ɗaya a motata.