File Explorer, abokin aikina na kullum

Da na kunna kwamfuta, maɓallan Windows da E nake fara dannawa tare, File Explorer, manhajar duba fayiloli da foldoji ta Windows, ya buɗe. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne shafukan da aka ƙara masa a Windows 11 cikin 2022. A da sai in buɗe tagogi huɗu ina tattara hotunan aiki. Yanzu Ctrl da T kawai nake dannawa sabon shafi ya buɗe a taga ɗaya, in jawo fayil daga wannan shafi in sauke shi a wancan.

Shi ne kuma ke riƙe da fuskar kwamfutar da layin manhajojin da ke ƙasa. Idan ya cije, a Task Manager, wato manhajar da ke nuna abubuwan da ke aiki a kwamfuta, ake sake tayar da shi. Bincikensa dai yana da nawa a babban folda, wannan kam ina fatan a gyara.