Ƙuri'a ta Gidan Waya ko Zuwa Rumfa a Zaɓen Rabin Wa'adi na Amurka

'Yan uwa da suka samu takardar zama 'yan ƙasa a Amurka sun sha tambayata ko su aika ƙuri'arsu ta gidan waya ko su je rumfa a zaɓen rabin wa'adi, wato wanda ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, inda ake zaɓar dukkan kujeru 435 na majalisar wakilai. Tambayar tana da muhimmanci, domin a 2014 kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka cancanci zaɓe ne kawai suka fito, yayin da a 2018 adadin ya kai kusan rabi.

Ta fuskar sauƙi, gidan waya ya fi, tunda ana zaɓen ne ranar Talata, wadda ba ranar hutu ta ƙasa ba ce, kuma mai aikin awa-awa yana iya asarar kuɗin yini a layi. Jihohi irin su Oregon da Kolorado suna aika wa kowane mai rajista takardar ƙuri'arsa har gida, amma Texas tana neman uzuri, kamar kai shekara 65, kafin a bar mutum ya yi zaɓe ta gidan waya.

Haɗarin gidan waya kuwa na gaske ne, domin ana iya ƙin ƙirga ƙuri'ar da ta makara ko wadda sa hannunta bai yi daidai da na rajista ba. A rumfa, ma'aikatan zaɓe suna kusa idan matsala ta taso.

Gidan waya ya dace da tsofaffi da masu aikin dare, muddin za su aika da wuri. Rumfa ta fi dacewa da mai zaɓe karon farko da wanda ya sauya gida kwanan nan.