Jera takardu ko nuna aiki a LinkedIn?

Waɗanda suka gama ABU Zariya kashi biyu ne a LinkedIn, dandalin intanet na masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata. Wani digiri yake jerawa, da takardar bautar ƙasa, da 'yan kwasa-kwasai. Ba laifi, amma dubbai na da irinsu, mai ɗaukar ma'aikata kuwa ba ya daɗewa a shafi.

Wani kuma aikin hannunsa yake nunawa. Ƙanwata da ta karanta aikin gona a Samaru ta ɗora hoton gonar gwajin masararta, ta faɗi takin da ta zuba da buhunan da ta girba. Layin da ke ƙarƙashin suna haruffa 220 yake ɗauka, ba ta ɓata shi da "ina neman aiki" ba, sana'arta ta rubuta. Ni dai shafinta zan fara buɗewa.